Saura Mutum Ɗaya

Ranar Lahadi ya iso Tawa
cikin kwalin sabulu, a bayan motar Yamai.
Faifai huɗu, jika uku,
hoton bangon ya koɗe kamar an wanke shi da toka.
Tashar Ba Tashi. Kashi ashirin da ɗaya, cif.
Asumana mai gyaran rediyo
ya rufe shago tun azahar,
ya ce wa masu jira an yi masa baƙi.

An cire shi daga tele shekara ashirin ke nan,
wai ba shi da masu kallo.
To, mu ƙadangaru ne?
Mu da ke zama bisa bulo a ƙofar gidan Gwamma,
ga batirin mota, ga eriya ɗaure a gora,
yaro bisa katanga yana juya ta,
muna ihu: Ya yi! Tsaya nan! Kai, ka ɓata!

Labarin ba wani labari ba ne.
Mota ce da ba ta taɓa barin tasha ba.
Direba na barci a ƙarƙashinta.
Tsohuwa da zakaranta sun kama kujerar gaba tun kashin farko,
zakaran ya mutu a na tara,
aka sako wani, fari, ba wanda ya ce uffan.
Kamasho kuwa, murya kamar ana jan buhu a tsakuwa:
Saura mutum ɗaya!
Fasinja ya hau, wani ya sauka neman fura.

Maganar ta bi mu har girma.
Da ita muke gane juna a Kwanni,
a layin banki, a gidan biki in nama bai zagaya ba.

Kashi na sha huɗu gidan tele ya goge shi,
an ɗora jawabin buɗe wata rijiya a kai.
Malama Tsahara ce ta ajiye nata kasat
cikin akwatin zannuwa, da kafur.
Ta aika. Ga sunanta a bayan kwali,
ƙanana ƙanana, har da kuskuren harafi.
Sai dai mijinta ya naɗi sunan ɗansu
bisa minti shida na ƙarshe,
kuma haka masu faifai suka bar shi:
kamasho ya buɗe baki,
sai ga rago ana jan sa,
ga mata da faranti a ka.

Ba mu tsallake ba.
Asumana ya zama direba, ya kwanta ƙarƙashin benci.
Gwamma, da ta kai shekarun tsohuwar yanzu,
ta rungumi buta a madadin zakara.
Muka biya minti shidan nan da ka,
rago yana kuka a bayanmu.
An yi gardama kan kalma guda,
taya ya ce ko tayar,
har shayi ya ƙone.

A faifai na uku ne.
Direba ya farka yana tambayar ko an iso,
ƴan kallon cikin ɗakin ɗauka suka fashe,
kuma can a baya, bayan kowa ya gama,
wata dariya mai shaƙuwa a wutsiya.
Bahari.
Ya sha gaya mana ya shiga wurin a Yamai
kan hanyarsa ta zuwa Abijan,
muka ce ƙaryar ɗan ci-rani ce.
Ko kabarinsa ba mu sani ba.

Maida baya, in ji Gwamma.
Aka maida. Sau biyar.
A na shida wuta ta ɗauke.

Ba wanda ya tashi.
Illo ya laluba ya zuba na biyu cikin duhu,
ya ƙirga kofuna, ya ƙirga mu.
Maganar tana bakin kowa,
kowa ya riƙe ta.

Asumana ya kakkaɓe riga,
ya tafi aron batir.